Jan Kallabi a Bakin Rijiya

Ruwan sama ne ya koro ta cikin shagonsa. Sarkin Tarkace ake ce masa, don ba shi da aiki sai bi gida-gida yana tattara tsofaffin zane-zanen ƙauyensu, wanda ruwan dam ya cinye tun suna yara. Ga kasuwa, ga firamare, ga tashar mota, duk ya rataye a bango.

Ta tsaya cak a gaban zanen rijiya. Wata mata ce mai jan kallabi tana jan guga, amma danshi ya goge mata fuska.

"Mamata ce," ta ce a hankali. "Babana ya zana. Tun da ta rasu bai sake taɓa burushi ba."

Ruwa ya ɗauke, ba ta tafi ba. Shi kuwa bawan Allah, daga ranar ya rasa sukuni.

Saƙonni suka fara kai da kawo.

"Autata, yau na kakkaɓe wa Mama ƙura. Ta ce in gaishe ki."

"Sarkin Tarkace, ka ci abinci kuwa, ko da ƙurar ka ƙoshi?"

Da magana ta je kunnen Baba, sai ya murtuke fuska.

"Mai tsintar tarihinmu ya sayar wa baƙi? Gobe ke ma zai sa miki farashi. Ban yarda ba."

Kamar da wasa, wani dillalin birni ya fara zarya a shagon. Ran nan ta ci karo da motarsa tana tashi, ta shiga ta tarar da ƙusa tsirara inda zanen yake. Zuciyarta ta karye.

"Ashe Baba ya yi gaskiya. Ka sayar min da uwa. Kada ka sake kira na."

"Je ki gida tukuna, abar ƙaunata."

A tsakar gida ta same su. Zanen yana kan cinyar Baba, saurayin ya durƙusa a gefe da gwangwanin fenti.

"Baba, dillali ya ce zai sa a gyara fuskar a birni, na ƙi," in ji shi. "Babu wanda ya san fuskar nan sai kai."

Tsohon ya daɗe yana kallon rijiyar da ya sha ruwanta tun yana ƙarami. Sannan ya miƙa hannu ya karɓi burushi.

"Zauna nan, Auta. Juyo kaɗan. Haɓarta irin taki ce."

Kuka ya ƙwace mata, amma ba ta motsa ba.

Ranar ɗaurin aure, tsofaffin ƙauyen suka cika shagon, kowa na nuna ƙofar gidansu a bango. Baba ya rataye zanen da kansa, Mama tana murmushi a bakin rijiya. Sannan ya riƙe hannun angon.

"Ka dawo min da matata, ɗana. Ga 'yata nan. Allah ya ba ku zaman lafiya irin wanda muka yi."