Tan Goma na Tsakuwa

Ƙarfe huɗu da kwata na yammacin Asabar tifar ta shigo layin da baya da baya. Ghita yana tsugune a bayan katangar kangon, hular sanyi ta rufe masa fuska, sai idanu. Fane yana gefensa da bindigar farauta da aka datse wa baki. Relu yana cikin mota a bayan ginin, inji a kunne.

"In direban ya ɗaga bodi ba shi da halin gudu," in ji Fane. "Ko ba haka ka ce ba?"

"Haka ne."

"To daina rawar jiki, kana sa ni jin kunya."

Tifar ta tsaya. Ƙofa ta buɗe. Ghita ya leƙa ta ramin bulo. Ba sabon direban da suke jira ba ne. Tsoho ne ya sauko yana dafa gwiwa. Baba Pandele ne da kansa, mai filin sayar da yashi da tsakuwa.

Shekara tara Ghita ya yi yana tuƙa masa wannan tifar. Tsohon ne ma ya koya masa tuƙi. Bara ya kama shi yana zuƙe mai yana sayarwa, ya kore shi a gaban leburori. Tun daga nan babu aiki. Matarsa ta tafi Italiya jinyar tsofaffi, kiran waya ya koma sau ɗaya a wata.

Ran Laraba suka ƙulla abin, da tsakar rana, a rumfar mai gasa nama ta bakin kasuwar dabbobi. Fane, wanda ya taɓa yin shekara bakwai a kurkuku, shi ya sayi giyar.

"Sanyi ya wuce," in ji Ghita. "Kowa gyaran tsakar gida yake. Wannan yashi, wancan baƙar ƙasar shuka furanni, wancan tsakuwar hanyar mota. Kuma a hannun direba ake biya. Ran Asabar sawu takwas yake yi, wani lokaci tara. Jakar kuɗin na ƙarƙashin kujera."

"Mu ne sawun ƙarshe ke nan," in ji Fane. "Akwai wani kango a Valeni, mai shi yana Sifen. Ba maƙwabci kusa."

"Amma ba duka, ba harbi. Sabon direban matsoraci ne, zai miƙa."

Relu ya fashe da dariya, bakinsa cike da nama. "Ji limamin coci. Mutumina, in wa'azi za ka yi, gobe ba Lahadi ba ce."

Fane ya tura masa sabuwar waya. "Kai ka san yarensu. Yi oda."

Ghita ya rufe bakin wayar da hankici. Inna Aurica, matar tsohon, ita ta ɗauka. Ita ke rubuta oda tun da aka buɗe filin.

"Tsakuwa nake so, tan goma."

"Ta kogi ko fasasshiya?"

"Fasasshiya, matsakaiciya. Daga tulin bayan sikeli, ba na bakin ƙofa ba, wancan ƙasa ta yi masa yawa. A kai Valeni, ƙarshen layin rijiya, Asabar da yamma, sawun ƙarshe."

Ta tsayar da biro. "Sunan wa zan rubuta?"

"Marin. Marin Dobre."

Da ta ajiye wayar sai ta leƙa ta taga ta kira mijinta.

"Pandele, Ghita ne fa ya kira."

"Shi ya ce miki?"

"Wa ya san tulin bayan sikeli in ba ɗan gida ba? Gini ya fara a Valeni. Kunya ce ta hana shi faɗin sunansa."

Tsohon ya daɗe yana goge hannu da tsumma. "Na yi masa tsauri a gaban mutane," ya ce. "Ni zan kai masa. A ƙara tan biyu a kai."

Duk wannan Ghita bai sani ba. Abin da ya gani kawai, tsohon ya miƙa hannu cikin tifa ya ja liba, bodi ya fara tashi a hankali. Ya zagaya baya yana kwance ƙugiyoyin ƙofa. Sannan ya ɗaga murya.

"Ghita, fito mana. Na san kai ne. Aurica ta aiko maka da saƙo."

Fane ya juyo a hankali. "Shege. Sayar da mu ka yi?"

"Na rantse ban..."

Fane bai tsaya ji ba. Ya dira ta kan katanga.

"Jaka, tsoho! Ina jaka?"

Pandele ya dubi bindigar, ya dubi mutum na biyu da ya fito a bayanta. Bai ɗaga hannu ba.

"Tana ƙarƙashin kujera. Ɗauka." Idonsa yana kan Ghita. "Ɗana, cire wannan abin daga fuskarka."

Fane ya buga wa tsohon gindin bindiga a kunne. Ya faɗi daidai bakin ƙofar baya — kuma bodi yana ta tashi. Ƙugiyar ƙarshe ta ɓalle. Tsakuwa ta zubo da ƙara kamar ruwan ƙanƙara a kan kwano.

"Baba!"

Ghita ya ruga gaban tifa, ya danna liba. Bodi ya tsaya, ya fara sauka. A kan kujera ga wata kwalba naɗe da jarida, miyar gauta da tattasai irin wadda Inna Aurica ke ba shi duk shekara. Ya dawo baya da gudu. Tsakuwa ta binne tsohon har ƙirji. Idonsa biyu, bakinsa yana motsi, iska ba ta shiga.

Ghita ya durƙusa yana tono da hannu. Ya kwashe, ta gangaro. Ya kwashe, ta gangaro.

Bakin bindiga ya taɓa masa ƙeya.

"Tashi," in ji Fane. Jakar tana kafaɗarsa.

"A ba ni shebur, minti biyar kawai..."

"Ya san sunanka. Bar tsakuwa ta gama aikin. Ka tashi, ko ka kwanta kusa da shi."

Ghita ya dubi tsohon. Tsohon yana dubansa. Sai ya tashi, da ƙafarsa ya taka ya shiga mota.

Relu ya fige ta. Ƙauye ya wuce, gonakin masara suka wuce. Ghita yana kujerar baya, farcensa uku sun ɓalle, jini yana ɗiga a wandonsa. Ba wanda ya waiwaye shi. Ya zura hannu aljihu, ya lalubi wayar da ya yi odar da ita, ya danna lambar gaggawa, ya bar ta a buɗe.

"Fane," ya ce da ƙarfi, "tsohon nan yana kangon Valeni, ƙarshen layin rijiya, tsakuwa ta danne shi. Mutuwa zai yi."

"Mun ji. Rufe mana baki."

Kafin gada Relu ya karya kan mota ya sauka hanyar ƙasa. Ghita ya san hanyar, sau ɗari ya bi ta da tifa. Ba ta ɓulle ko'ina.

"Me ya sa muka bar titin Slatina? Wannan ai hanyar tsohon ramin tsakuwa ce, bakin kogin Olt."

"Iska za mu sha," in ji Relu. Wannan karon bai yi dariya ba.

A ofishin 'yan sanda, Sufeto Oprea ta saurari maganar tana tsaye, da makulli a hannu.

"Gaya mana yake yi," ta ce. "Mota biyu su tare bakin hanyar ramin, hanya ɗaya ce. Motar asibiti da 'yan kwana-kwana su biyo ni Valeni. A zo da shebur."

A bakin ramin Relu ya taka birki.

"Sauka ka wanke hannunka," in ji Fane.

Ghita ya sauka. Bai gudu ba. Ya yi taku uku ya juyo.

"Kaso biyu ya fi uku, ko?"

"Ba maganar kaso ba ce. Sunanka aka kira, ba nawa ba."

Harbi ɗaya. Ghita ya ji kamar an doke shi da gungume a kafaɗa, ya gangara cikin ramin har bakin ruwa. Yana kwance ya ji motar ta juya. Can sai jiniya — ƙarar birki — wani yana ihu a jefar da bindiga. Harbi biyu, sannan da yawa a jere. Daga nan shiru.

Ya farka a asibiti, hannun hagu ɗaure da gado. Sufeto Oprea tana zaune a kujera, takalmanta sun yi fari fat da ƙurar dutse.

"Fane ya mutu a wurin," ta ce. "Relu ya ɗaga hannu, tun a mota ya fara ba da labari."

"Baba fa?"

"Mun tono shi da rai. Haƙarƙarinsa sun karye. A hanya ya cika."

Ghita ya rufe ido. "Da minti nawa aka makara?"

"Likita ya ce da an ciro shi da wuri, wataƙila. Ba zan yi maka ƙarya ba."

"Ya faɗi sunana?"

"Sau biyu na tambaye shi. Ya ce fuskokinsu a rufe suke. Matarsa ce ta faɗa mana."

Relu ya samu shekara goma sha biyu. Ghita goma sha takwas, an rage masa saboda wayar. Hannunsa na dama bai ƙara ɗaguwa sama da ƙirji ba. Filin Pandele an rufe shi kafin kaka, leburori shida suka watse.

Ranar yanke hukunci Inna Aurica ta zo cikin baƙaƙen kaya, ta zauna a benci na gaba. Alƙali ya tambaye ta ko tana da abin cewa. Ta miƙe tana riƙe da jakarta da hannu biyu.

"Ni na gane muryarsa," ta ce. "Ni na ce wa Pandele Ghita ne. Da na rubuta oda na yi shiru, da mijina yana gida."

Ghita ya miƙe. Gandiroba ya riƙe masa kafaɗa.

"Inna, ba ke ba ce. Ni ne. Ni na tashi na bar shi."

Ba ta juyo ba. Ta gode wa alƙali, ta gyara ɗankwalinta, ta fita.