Jirgin Virar Ba Ya Sauke Ɗan Kusa

Tun a tashar jirgin ƙasa ta Dadar jikin Dagdu ya ba shi cewa yau za a yi abin kunya. Mutum ya haura hamsin, gwiwa na ƙara, ga wuƙar yanka albasar matarsa a ƙugu, wai shi ɗan fashi. Babbar fargabarsa 'yarsa Mrunal. A wannan layin take komowa daga kwaleji, kuma a saninta babanta mai gadin shago ne.

"Tsoho, daina karkarwa," in ji Pakya, ogansa, wanda a kan babur ya saba aiki. "Ga ɗan aiken masu gwal can. Ka ɗora masa wuƙa, in karɓi jaka, mu dire a Borivali."

Jirgi ya iso. Dagdu yana ta leƙen taragon mata, bai duba allon da ke nuna inda jirgin ya nufa ba. Taro ya kwashe su ciki.

Da ƙyar Dagdu ya zaro wuƙar.

"Kada ka motsa!"

"Baba, ina wurin motsin?" in ji ɗan aiken.

Pakya ya fizge jakar. Ga Borivali!

"Hanya! Za mu sauka!" in ji Pakya.

Wani dattijo ya sauke jaridarsa. "Borivali? A jirgin Virar?"

Sai yanzu Dagdu ya gane jirgin da suka shiga. Mutanen Virar tafiyarsu da nisa, ba sa yafe wa ɗan kusa da ya cinye musu wuri. Ƙirji ya haɗu da ƙirji, ƙofa ta toshe.

"Ɓarayi ne!" ɗan aiken ya kurma ihu.

"Wannan kuma daga baya," in ji dattijon. "Rashin kunyar tukuna."

A ofishin 'yan sandan Virar, Sajan Gaikwad ya gama jin rahoton fashin, ya ajiye waya ya ɗauki shayinsa. "Ku zauna," ya ce wa yaransa. "Fasinja na kawo mana su."

Jirgi na rage gudu Pakya ya cusa wa Dagdu jakar a ƙirji.

"Ga ɓarawon! Na riƙe shi!"

"Pakya, ni?"

"Wa ye Pakya?"

Ƙofa ta amayar da jama'a, Pakya ya saje da su ya ɓace. Aka tasa Dagdu gaba da ankwa, ta gefen taragon mata. Ya ja riga ya rufe fuska, tumbi ya fito fili.

An yanke masa shekaru, matarsa ta sayi sabuwar wuƙa. Mrunal ba ta zo kotu ba. Ko tana cikin jirgin ranar, ko ta gane tumbin nan, har yau Dagdu bai sani ba.