Kwanon da Aka Tura da Ƙafa

A garinmu na bakin kogin Danube, a ƙasar Romaniya, akwai Asabar ɗin da ake yi wa mamata sadaka kafin sanyi ya kankama. Kowane gida yakan zuba abinci a sabon kwano, a ɗora burodi, a kunna kyandir, a miƙa wa mabukaci hannu da hannu. In ya karɓa ya ce "Bogdaproste", wato Allah ya jiƙan wanda ya rasu, to sadaka ta isa.

Ni tsohuwar malamar makaranta ce. A benen da nake zaune akwai wata yarinya 'yar aji huɗu. Uwarta, Viorica, ɗalibata ce a da. A ƙarƙashin matakalar benen kuma wani tsoho mai suna Tudose yake kwana tun farkon kaka.

Ran Asabar ɗin, Viorica ta dafa nama da shinkafa a naɗe cikin ganyen kabeji, abincin da marigayi mahaifinta yake so.

Ta ce wa yarinyar, "Ungo, kai wa Kawu Tudose. Domin kakanki ne. Ki ba shi a hannu."

"Mama, wari fa yake yi!"

"Hancinki na aika ko hannunki? Wuce!"

Ina saukowa da kwandon cefane na ga abin da ya faru. Yarinya ta toshe hanci, ta dire kwanon a ƙasa, ta tura shi da ƙafa. Kyandir ya faɗi ya mutu.

Tsohon ya daɗe yana duban kwanon. Sannan ya ɗauka, ya hau matakala a hankali, ya ajiye shi a ƙofarsu.

Ya ce, "Ki ce wa mamarki na gode. Amma har yanzu ban fara karɓar abinci daga ƙafa ba."

Ya naɗe bargonsa ya fita. Na ƙwala masa kira, ko waiwaye bai yi ba. A waje kuwa dusar ƙanƙara ta fara zuba.

Da Viorica ta ji labari sai ta fashe da kuka. "Kin hana kakanki sadakarsa, kin kuma kori mutum cikin sanyi!"

Yarinya ta turo baki. "Ai malalaci ne. Da ba malalaci ba ne, da yana da gida."

Na ajiye kwandona. Na ce, "Zauna. Miƙe bayanki. Ki kalle ni in ina magana."

Ta zauna.

"Lokacin da mamarki take ajina, a kowane aji akwai dogon murhu na tangaran mai launin ƙasa. Kafin mu iso, wani ya riga ya faskara itace, ya hura wuta. Aji yana ƙamshin itace da gasasshen tuffa. Yara su shigo hannuwa a sandare, shi kuwa ya karɓi jiƙaƙƙun safofin hannunsu, ya jera su a kan murhu. Kafin a tashi sun bushe, da ɗuminsu. Ya san na kowa. Bai taɓa ba wani na wani ba."

Viorica ta share hawaye. "Nawa jajaye ne. 'Yar tattasai yake ce mini."

Yarinya ta zaro ido. "Kawu Tudose ne?"

"Shi ne. Da aka kawo na'urar ɗumama ɗaki, aka ce ba a bukatarsa. Ɗakin da yake zaune na makaranta ne, aka karɓe. Ya kama haya, matarsa ta kwanta ciwo, jinya ta cinye ɗan abin da ya tara, ta rasu. Ɗansa ya tafi neman aiki Italiya, shiru. Katin shaidarsa ya ƙare. Ba a ba da sabo sai da adireshi, ba a biyan fansho sai da kati. Na je ofishi har takalmina ya siɗe, kullum sai a ce in dawo gobe. Ina lalacin a nan? Nuna mini!"

Yarinya ta sunkuyar da kai. Can ta ce, "Malama, ina zai kwana yau?"

"Tambayar da ya kamata ki fara yi ke nan. Ɗauko rigar sanyinki."

Viorica ta ɗumama abincin. Muka duba bakin coci, babu shi. Muka duba kasuwa, babu shi. A tashar jirgin ƙasa muka same shi, a takure kan benci, yana rawar ɗari.

Yarinya ta kunna kyandir. Ta riƙe kwanon da hannu biyu, ta miƙa masa.

"Kawu, ka yafe mini. Domin kakana ne."

Ya dube ta da kyau. "Ke ce 'yar 'Yar tattasai? Ga hancin nan kuwa, mai jin warin da ke Bulgariya, can ƙetaren kogi."

Ta yi dariya, hawaye na zuba. Ya karɓa, ya ce, "Bogdaproste."

Daren nan a ɗakin girkin Viorica ya kwana. Washegari na buga ƙofar kowa, na tara mutanen bene. A ƙasa muna da ɗakin shanya wanda an daina shanya a cikinsa. Ya cika da tarkace. Na ce a ba Tudose shi.

Shugaban bene, Malam Zamfir, ya ce, "Haba Malama! To kayanmu fa? Kwalaben tsimin kabejina ina zan kai su?"

"Zamfir, a ajina ka zauna, a bencin baya, kusa da murhu. Wa ya busar maka da wando ranar da ka faɗa kwata?"

Aka tuntsire da dariya. Zamfir ya sosa ƙeya.

Na ce, "Ba alfarma nake roƙa ba. Hakkinsa ne. Ya ɗumama ku kuna yara, mun bar shi a sanyi da tsufansa."

Sai yarinya ta ɗaga hannu kamar a aji. "Tsohon kekena yana ciki. Ni zan fara fitar da nawa."

Ta tafi ta jawo shi, yana ƙara. Ganin haka, sai manya suka bi bayanta. Wannan ya kawo gado, wancan ya gyara taga. Zamfir da kansa ya yi fenti, yana ta mita. Yanzu Tudose yana da adireshi. Na raka shi ofishi, na zauna a kujerarsu na ce ba inda za ni. Ya samu kati, fansho ya biyo baya.

Yara, wanda kuka gani yana kwana a titi yana da suna, yana da tarihi, kuma akwai dalilin da ya kai shi can. Kada ku raina shi. Ku tambaya, ku gaya wa manya, ku taimaka da hannu biyu.

Jiya yarinyar ta dawo daga makaranta a jiƙe. Kawu Tudose ya leƙo daga ƙofarsa.

"Ke Ƙaramar tattasai, kawo safofin nan!"

Ta cire su, ta sa masa a hannu.