Kofin da Baba Ya Hana a Wanke

A asibitin garinmu Salt suka fara haɗuwa, kuma Jud ɗana ne sanadi. Ranar allurarsa Ruba ƙanwar mijina ta raka ni, yana ta tsala ihu a kafaɗarta, sai wani dogon saurayi ya kaɗa masa makullin mota, yaro ya yi tsit. Ruba ta ɗago, shi ma ya ɗago. Na gani da idona, ita dai har yau musu take yi.

Mu'utaz sunansa, lauya ne, ɗan manoman zaitun. Kafin zaitun ya nuna har ya fara ce mata Hasken Ido, ita tana ce masa Malam Surutu.

To ashe akwai shari'a a hannunsa. Majalisa ce ta yi doka, wai in minista ya rufe rijiyar gona shi ke nan, babu kai ƙara. Aka rufe ta ƙauyensu, itatuwa suka fara bushewa. Mu'utaz ya ja magana har kotun tsarin mulki. Yadda Ruba ta fahimtar da ni, majalisa ke yin doka, gwamnati ta yi aiki da ita, kotu kuma ta duba ko sun tsallake babbar dokar ƙasa, in sun tsallake ta soke. Surukina Abu Basil, baban Ruba, yana cikin alƙalan kotun nan.

Dattawan Mu'utaz suka zo neman aure. Mijina Basil ya zuba gahawa, kawun Mu'utaz ya ajiye kofin a gabansa, ba zai sha ba sai an ce an ba su. Baba ya daɗe yana kallon kofin.

"Ba yau ba," ya ce.

Gahawa ta huce, mutane suka fita kai a sunkuye. Na ɗauki kofin zan wanke, Baba ya ce in ɗora shi kan kanta haka nan.

Daga ranar gida ya yi sanyi. Baba ya hana Mu'utaz zuwa, ya hana a ambaci shari'ar ko a wajen cin abinci. Ruba ta ɗauka talaucin su Mu'utaz ya raina. In ta dawo daga makarantar da take koyarwa sai ta hau saman bene ta zauna cikin shanya ita kaɗai. Nakan kai mata Jud, ta riƙe shi ba ta ko yi masa wasa.

Ana haka Ziyad, ɗan wani ɗan majalisa da ya tsaya wa dokar, ya aiko uwarsa da farantin kunafa, wani kayan zaƙi, wai yana neman Ruba. Baba ya sa aka mayar daga bakin ƙofa. Amma labari ya riga ya kai ƙauye cewa an karɓa.

Mu'utaz ya turo wa Ruba saƙo: "Na ji an ci kunafa. Allah ya sanya alheri."

Ta mayar masa: "Ko ƙamshinta ban ji ba, Malam Surutu. Ka bar wa wani lauya shari'ar nan mana, ko Baba zai sauko."

"Babu wanda zai karɓa, Hasken Ido. In na saki manoman nan, da wane ido zan shiga ƙauye? Ina kewarki har abinci ba ya shiga."

Aka yi sanyi aka gama, babu saƙo ko ɗaya. Tana wucewa ta gaban kanta sai ta kau da kai.

Ranar da za a karanta hukunci Mu'utaz ya shiga kotu, ya ga kujerar Baba babu kowa. Ashe tun washegarin zuwan dattawa Baba ya janye daga shari'ar, bai gaya wa ko matarsa ba. Kuma ita ce babbar shari'arsa ta ƙarshe kafin ritaya. A ranar yana gida da jallabiya yana ba Jud yogot a baki.

Sauran alƙalai suka soke dokar, suka ce babu mai rufe wa mutum ƙofar kotu.

Ruba ta sauko daga bene da waya a hannu, ta tambayi Baba me ya sa bai faɗa ba.

"Da na ba shi ke ana cikin shari'a, ko ya ci da gaskiyarsa cewa za a yi surukin alƙali ne. Da ya faɗi ma zan ba shi, 'yata."

"To da ya bi maganata ya saki manoman fa?"

Baba ya goge wa Jud baki. "Da na sa an wanke kofin, maganar aure ta mutu."

Juma'ar nan dattawa suka dawo. Ni na sauko da kofin, gahawar ta bushe ta kama gindinsa, sai da na jiƙa shi. Basil ya zuba sabuwa, kawu ya ajiye, mu mata muna maƙale a bayan labule.

"Ku sha gahawarku," in ji Baba.

Guɗar da na rangaɗa sai da Jud ya firgita. Jiya aka yi biki, mansaf, shinkafa da naman rago, har ya yi saura, kuma da ruwan rijiyar ƙauyen su Mu'utaz da aka buɗe aka dafa. Allah ya ba su zaman lafiya da zuriya mai albarka. Kofin yana cikin kayan amarya, ni na naɗe shi.