Kalmar da Ta Tsayar da Ludayin Baƙo

A unguwar Ngojin ta garin Potiskum akwai wata yarinya 'yar aji biyar mai son Turanci. Duk sabuwar kalmar da ta ji, sai ta riƙe.

Wata rana ta dawo daga makaranta da ƙishirwa. Ta cika moɗa da ruwan randa, ta kafa kai har yana zuba a rigarta.

Yayanta Basiru, ɗan sakandare, ya yi dariya. "Kai! Dubi yadda kike guzzle!"

"Yaya, mene ne guzzle?"

"Abin da kika yi yanzu mana," ya ce. Ya hau kekensa ya fita.

"Ashe haka ake cewa sha da babban Turanci," ta ce a ranta. Ba ta ƙara tambayar kowa ba.

Ranar kasuwa, Malam Umara ya zo daga Nangere. Tsohon hedimasta ne, aminin babanta. Innarta ta dama fura, ta ce mata ta kai wa baƙon zaure.

Yarinyar ta durƙusa, ta ajiye ƙwarya. "Sannu da zuwa, Baba. Please guzzle!"

Ludayi ya tsaya a hannun Malam Umara. Babanta ya haɗe rai.

"Ke! Baƙona kike gaya wa haka?"

Idonta ya cika da ƙwalla.

"Bar ta, Alhaji," in ji Malam Umara. "Matso, 'yata. Kin taɓa ganin shanu sun yini a kasuwa, sannan aka kai su ruwa?"

"Na gani, Baba. Ko kai ba sa ɗagawa."

"To, wannan shi ne guzzle. Kwankwaɗa da haɗama. Kurɓa kaɗan-kaɗan kuwa sip ne. Sha na yau da kullum, drink."

"Mutum da dabba kaɗai ake gaya wa?"

"Har motar da ta cika shan mai."

Ta rufe fuska da gefen ɗankwali. "Wato na ce maka mai haɗama! Ka yafe mini, Baba."

Malam Umara ya ƙyalƙyale da dariya, babanta ma ya saki fuska.

Da Malam Umara ya sake zuwa, sai ya kawo mata tsohon ƙamusunsa. Ta rungume ƙamusun tana tsalle.

"Kalma ba a faɗinta sai an san ma'anarta," ya ce. "In ba ki gane ba, ki sake tambaya. Matambayi ba ya ɓata."