Tsagar da ke Ƙirjin Barau

Tun da aka kafa duniya ba a taɓa zaluntar bawa kamar yadda aka zalunce ni ba, ni Barau. Ku daina yi wa audugar kunnena dariya, ku matso. Ladiyo, rage fitilar nan.

A tashar wutar nukiliya na yi aiki, can ƙetare. Ruwa ke sanyaya tukunyar da ke samar da wutar. In bututunsa ya tsage, gari ya tashi. Ni aikina saurare: in manna na'ura, in aika sauti cikin ƙarfe, in ji yadda zai dawo. Lafiyayyen bututu amonsa garau, mai tsaga kuwa a dushe. Kunne irin nawa, ba a sake haihuwarsa ba.

Ran nan da magariba, ni kaɗai a ɗakin ƙasa. Na aika sauti. Ya dawo da kukan jariri.

Na cire abin sauraron daga kunnena. Kukan bai tsaya ba.

Ga wata mata bayan famfo, da goyo. Zanenta na ɗiga, amma ƙasan a bushe. Bakinta a rufe. Muryar daga bututu take fitowa.

"Wa ya saki ruwan zafi a kududdufin baya, ba bisimilla, ba gafara?"

Ta juyo da goyon. Bayan yaron duk ya saluɓe.

"Sallau ne, baiwar Allah," in ji ni. "Abokin aikina. Gajere, mai sanƙo. In raka ki?"

Ta matso. Ta ƙwanƙwasa ƙirjina da yatsa, ta kara kunne, yadda nake wa ƙarfe.

"A dushe," ta ce. "Akwai tsaga."

"Tari ne, Hajiya."

"Wanda ya buɗe ruwan yana fito. Bututu ya kawo mana waƙarsa. Yi fito."

Na rantse ban iya ba. Leɓuna suka tsuke da kansu. Waƙar ta fito tsaf.

"Da wane kunne ka fi ji?"

Na nuna na hagu, don na dama ne gwanin.

Ta hura a na dama.

Tun ranar ba abin da ke cikinsa sai tafasar ruwa da kukan yaron. Aka sallame ni. Duk a kan ɗan ruwan da na saki da gaggawa don in riga Sallau zuwa wurin mai shayi!

Kada ɗayanku ya zubar da ruwan zafi baki a rufe, kada ya sauka wurin bututu shi kaɗai. Ladiyo, je ki sauke butar nan, ta tafasa.

Me? Ba a hura wuta ba?