Tocilar Bara'atu

Ranar da dangin ango suka zo ganin ɗakin Bara'atu a Suleja, sai suka yi turus. A kabat ɗin da ake jera faranti da kofuna, tociloli ne reras har goma sha huɗu.

Tun tana sakandare abin ya kama ta, ranar da ta kwance wata matacciyar tocila ta gyara ta. Mijinta Khamis ma abin da ya ja shi ke nan, don in ta fara zancen batir da waya har ba ta son a katse ta. Babban burinta ta haɗa tata da hannunta.

Inna Fatsuma, mahaifiyar Khamis, ta dafe ƙirji. "Mata ka auro mana ko makanike?" Ta rantse ba za ta sake taka gidan ba.

Bara'atu ta sha kuka, amma ba ta mayar da magana ba.

"Please, ki ba ni lokaci, zan lallaɓa ta," in ji Khamis, shi ma ransa a jagule.

Duk Juma'a Bara'atu takan hau keke-napep zuwa Tafa ta gaida Inna, ko da kuwa da ƙyar ake amsawa. A can ta ji tsohuwar tana mita: kajinta su yi sati uku a kan ƙwai, ƙarshe rabi baragurbi. Murna ta kama Bara'atu har ta kasa zama, don ta san hasken tocila na nuna ƙwan da zai ƙyanƙyashe.

Kwana goma ta yi tana fama da haɗa tocila da guntun bututun roba da tsohon batirin laptop, yatsu duk ƙuna. Da tocilar ta kama sai da ta yi tsalle.

Ta lallaɓa Inna zuwa ɗakin ajiya, ta tura ƙofa, ta ɗora ƙwai a bakin tocilar. Ƙwan ya yi jawur, jijiyoyi suka bayyana, wani ɗan abu yana wutsil-wutsil a ciki.

"La'ilaha illallahu! Motsi yake yi!" in ji Inna.

Sai da Inna ta haska ƙwai goma sha ɗaya da kanta, tana dariya, sannan ta cusa tocilar a haɓar zani.

"Wannan ta zama tawa. Je ki haɗa taki, 'yata. Ranar Lahadi ina nan tafe."

Haka lamarin yake: baiwar da aka riƙe da haƙuri da ladabi, wanda ya raina ta shi zai fara cin moriyarta.